Yadda Ake Gyara Ƙa'idar Tace Imel Idan Tana Kama Adireshin da Ba Shi Ba

Matsalar iri biyu ce. Ko dai ƙa'idar da ka kafa don ta riƙa ware maka saƙonnin imel da kanta (filter ko rule a Turance) ta kwashi saƙon da ba ka nufa ba ta jefa shi wata folda, ko kuma saƙon da ka kafa ta dominsa ya zo ya wuce ta gabanta ba ta ko taɓa shi ba. A duka biyun, abin da yakan faru shi ne manhajar tana karanta wani layi daban da wanda idonka ke gani a allo, ko tana kwatanta haruffa ta wata hanya da ba ita ka zata ba. Don haka kada ka fara da sake rubuta ƙa'idar a kan zato. Gano layin da ta karanta tukuna, sannan ka gano yadda ta kwatanta.

Kafin komai, kwance mata makami

Idan ƙa'idar da ake zargi tana goge saƙo ne, ko tana tura shi wani adireshi, canza wannan nan take. Mayar da aikinta ya zama sanya lakabi ko kai saƙo wata folda ta gwaji. A Gmail, abin da ya shiga kwandon shara ko Spam kwana 30 yake yi sannan ya tafi har abada, saboda haka leƙa waɗannan wurare biyu yanzu ka ceto abin da ya dace. Sai ka ajiye kwafin ƙa'idojinka yadda suke. A Gmail ana yin wannan a kwamfuta, a shafin "Filters and Blocked Addresses" da ke cikin saituna: ka zaɓi ƙa'idojin ka danna "Export", ya ba ka fayil na XML. Manhajar Gmail ta waya ba ta da wurin gyara ƙa'idoji, kada ka ɓata lokacin nema. Tsohuwar Outlook ta kwamfuta ita ma tana fitar da kwafi. In ba ka ga hanyar ba a manhajarka, ɗaukar hoton allo ma ya wadatar.

Samo saƙonni biyu

Ɗaya wanda ƙa'idar ta yi wa daidai, ɗaya wanda ta yi wa kuskure. Duk binciken a kan bambancin da ke tsakaninsu zai tsaya.

Buɗe asalin saƙon

Abin da ake nuna maka a saman saƙo taƙaitawa ce kawai. A ƙarƙashi akwai layuka masu yawa da ake kira kanun saƙo, kuma su ƙa'idar ke karantawa. A Gmail, buɗe saƙon, danna ɗigo uku da ke gefensa, zaɓi "Show original". A Thunderbird, wata manhajar imel ta kwamfuta, danna Ctrl da U tare. A tsohuwar Outlook, buɗe saƙon a tagarsa, je File, sannan Properties, za ka ga akwatin "Internet headers". Kwafe kanun saƙonnin biyu ka liƙa su a fayil ɗaya, ɗaya a kan ɗaya.

Ga irin abin da za ka tarar:

Return-Path: <bounce-7781@mail.example.net>
Delivered-To: ali+kasuwa@example.org
From: "Sashen Kuɗi" <sanarwa@example.com>
Reply-To: taimako@example.com
To: abokan-ciniki@example.com

Duba da kyau. Saƙo ɗaya ne, amma adireshi biyar ne a kansa, kuma uku daga cikinsu za a iya kiransu "na mai aikowa". Dalili shi ne imel yana da ambulan, yana kuma da takardar da ke ciki, kamar wasiƙa. Adireshin ambulan shi uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓa da isar da imel, ke amfani da shi wajen isar da saƙo, kuma shi ne yakan bayyana a Return-Path. Na layin From kuwa rubutu ne a kan takardar, shi ake nuna maka. Babu dokar da ta ce sai sun zama iri ɗaya. Kamfanonin da ke aika sanarwa da yawa sukan bi ta wani kamfanin aikawa, shi ya sa ambulan ke ɗauke da wani suna daban. Haka ma idan saƙon ya biyo ta turawa daga wani akwatinka, sau da yawa ana sake rubuta adireshin ambulan, za ka ga ya fara da SRS0=. Ƙa'idar da ke duba ambulan ba za ta gane mai aikowa na asali ba a nan, alhali wadda ke duba From za ta gane shi.

Ɓangaren mai karɓa ya fi rikita mutane. A misalin da ke sama, babu adireshinka a layin To kwata-kwata. An aika wa rukuni ne, wato adireshi ɗaya da ke rarraba saƙo ga mutane da yawa, ko kuma an sa ka a Bcc, wanda ba ya bayyana wa masu karɓa. Ƙa'idar da ta ce "idan an aiko wa ali@example.org" za ta duba To ta ga babu, ta wuce. A Gmail maganin shi ne ka rubuta deliveredto: sannan adireshin, a akwatin "Has the words". Idan saƙon na rukuni ne, nemi layin List-Id ka kafa ƙa'idar a kansa. A Gmail ana amfani da list: don haka. Wannan ya fi dogaro da From nesa ba kusa ba, musamman tun shekarar 2014 da Yahoo ta tsaurara tsarinta na DMARC, wato tsarin hana aika saƙo da adireshin From na bogi, lamarin da ya sa manhajojin rukuni da yawa suka koma cire adireshin marubuci daga From suna sa na rukunin. Sunan mutumin za ka gani a allo, adireshin kuwa ba nasa ba ne.

Sai sunan da ke cikin alamar zance, wato "Sashen Kuɗi" a misalinmu. Wannan mai aikowa ne ke rubuta duk abin da ya ga dama. Yana iya rubuta adireshin wani a wurin, kamar haka:

From: "sanarwa@example.com" <wani@example.net>

Ƙa'idar da ke laluben dukan layin From za ta ga sanarwa@example.com ta amince. Idan aikinta shi ne "kada a taɓa kai shi Spam", to ka buɗe wa 'yan damfara ƙofa da hannunka. A ganina duk ƙa'idar da ke ba da amincewa bai kamata ta dogara da suna ba ko kaɗan.

Wani abu kuma game da suna: idan yana da harafin da ba ya cikin haruffan Turanci, irin su ƙ da ɗ da ɓ, ko rubutun Larabci, a asalin saƙon yakan zo a lulluɓe, ya fara da =?UTF-8? sannan tarin haruffa. Yawancin manhajoji suna warware shi kafin su kwatanta, amma tsofaffin matatu da ke aiki kan ɗanyen rubutu ba sa yi.

Gano yadda take kwatantawa

Ka san layin. Yanzu buɗe ƙa'idar ka karanta kalmar da ke tsakanin sunan layin da abin da ka rubuta. A nan mafi yawan ɓarna take.

"Contains", wato ya ƙunsa, ita ce zaɓin da mutane suka fi bari saboda ita ta fi sauƙin kamawa. Sai dai ba ta san iyakar kalma ba. Ka rubuta ali don ka ware saƙon Ali: za ta kama aliyu, ta kama halima, ta kama salisu, ta kama khalid, domin duk akwai a-l-i a jere a cikinsu. Ka ce to bari in rubuta cikakken adireshi, ali@example.com. An rage, amma wali@example.com yana ciki har yanzu, domin ƙarshensa daidai yake da abin da ka rubuta. Daga ɗaya gefen ma haka ne: @example.com yana cikin @example.com.ng da @example.community. Idan kuma ka bar alamar @ ka rubuta example.com kawai, har notexample.com zai shigo.

Gyaran ya danganta da abin da kake so. Idan mutum ɗaya kake nufi, nemi "is" ko "equals". Idan dukan ma'aikata ce, nemi "ends with" ka rubuta @example.com tare da alamar @. Amma ka tuna cewa layin From a asalinsa yakan ƙare da alamar >, kuma yakan fara da suna. Manhajar da ke ware adireshi daga suna kafin ta kwatanta ba ta da matsala da wannan. Wadda ke ɗaukar layin gaba ɗaya kuwa, kamar matatar cPanel (shafin sarrafawa da kamfanonin ajiye shafukan intanet ke ba abokan cinikinsu), "equals" ɗinta ba za ta kama ba muddin akwai suna a gaban adireshin, kuma "ends with" za ta faɗi saboda alamar >. A irin wannan, dabarar ita ce ka bar "contains" amma ka haɗa da alamomin biyu: <ali@example.com>. Alamar farko ta hana wali shiga, ta ƙarshe ta hana .ng. Sai dai wasu saƙonnin, galibi na injuna, sukan zo da adireshi tsirara babu alamomin, don haka ƙara sharaɗi na biyu na "equals" domin su.

Kada ka manta da rassan suna. "Ends with @example.com" ba zai kama sanarwa@mail.example.com ba, domin bayan @ ɗin akwai mail. Idan kana son su ma, ƙara sharaɗin "ends with .example.com", da ɗigo a farko.

Gmail tata hanyar daban ce, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Ba ta da "contains" ko "is" da za ka zaɓa. Ƙa'idojinta binciken Gmail ne kawai da aka adana, kuma binciken yana aiki da kalmomi cikakku, yana yanka adireshi a wurin alamomi irin su ɗigo da @. Saboda haka from:ali ba zai kama halima ba, amma zai kama duk wanda kalmar Ali ke cikin sunansa ko a wani yanki na adireshinsa, kamar ali.musa@example.net. Ta ɗaya fuskar, ba za ka iya kama rabin kalma ba: sa tauraro bayan haruffa, kamar sanar*, ba ya sa ta kamo sanarwa. Alherin wannan tsari shi ne gwaji ba ya da wuya. Kwafe sharaɗin ƙa'idar, liƙa shi a akwatin bincike, duk abin da ya fito shi take kamawa. Idan baƙo ya shigo, cire shi da alamar ragi:

from:example.com -from:talla@example.com

Abu ɗaya da ke ruɗar ido a Gmail shi ne haɗa saƙonni zuwa zance guda. Saƙo ɗaya a cikin zancen ne ya dace da ƙa'idar, amma sai ka ga lakabin a kan zancen duka, ka zaci ta kama mutumin da ya yi magana a ƙarshe. Kashe "Conversation view" na ɗan lokaci ka sake dubawa.

Akwai kuma batun ɗigo da alamar tarawa. A adireshin gmail.com na kowa da kowa, ɗigon da ke kafin @ ba ya canza akwati, da shi da babu duk wuri ɗaya saƙon ke zuwa. Amma rubutun da ke layin To yana nan yadda mai aikowa ya buga shi, don haka ƙa'idar da ke wata manhaja tana iya ganin adireshi biyu daban. A adireshin ma'aikata da ke kan Google Workspace, wato Gmail na ma'aikatu, kuwa ɗigo yana da tasiri. Haka ali+kasuwa@example.org akwatin ali yake shiga a wuraren da suka yarda da wannan tsari, amma "is ali@example.org" ba zai kama shi ba. Manyan haruffa da ƙanana ba kasafai suke jawo matsala ba, yawancin matatu ba sa bambanta su.

Ga masu rubuta ƙa'ida da hannu

Idan akwatinka yana kan uwar garken da ke amfani da Sieve, harshen tace saƙo da aka fayyace a RFC 5228 na shekarar 2008, wanda manhajar uwar garke ta Dovecot da masu ba da akwatin imel irin su Fastmail da Proton Mail ke karɓa, to gyaran a fili yake. Kwatanta waɗannan biyu:

if header :contains "from" "ali@example.com"
if address :is "from" "ali@example.com"

Na farko yana laluben dukan layin, har da suna. Na biyu yana ciro adireshin shi kaɗai ya kwatanta shi daga farko zuwa ƙarshe. Kusan kullum na biyun kake so. Don ma'aikata da rassanta:

require "fileinto";
if anyof (address :domain :is "from" "example.com",
address :domain :matches "from" "*.example.com") {
fileinto "Aiki";
stop;
}

Idan ambulan kake son dubawa, akwai gwajin envelope daban, wanda sai ka ambace shi a layin require.

Masu amfani da regex, wato hanyar neman rubutu da alamomi na musamman, a manhajar tace saƙo ta procmail ko a cPanel, tarkonsu ɗigo ne. A regex ɗigo yana nufin kowane harafi, don haka example.com zai kama examplexcom. Sa masa \ a gaba. Sannan ka ɗaure ƙarshen da $, ka kuma bar wa alamar > wuri:

@example\.com>?$

Alamar tarawa ma tana da ma'ana ta musamman a regex, sai an rubuta ali\+kasuwa.

Duba "da" da "ko"

Idan sharuɗɗa sun wuce ɗaya, akwai zaɓi a sama: a cika dukansu, ko ɗaya ya isa. Thunderbird tana rubuta "Match all" da "Match any". Ka sa adireshi biyu a From ka zaɓi "all", ƙa'idar ba za ta kama komai ba, tunda saƙo ba ya fitowa daga mutum biyu lokaci guda. A Gmail tazara tsakanin kalmomi tana nufin "da", don haka sai ka raba adireshin da OR, kuma da manyan haruffa. In ka rubuta da ƙanana, kalma ce kawai za ta ɗauke shi.

Wanda ya fi wannan ɓoyuwa shi ne haɗa korewa da "ko". Mutum yana so ya ce duk saƙon da ba daga Ali ko Halima ba a kai shi wata folda, sai ya rubuta: bai ƙunshi ali@ ba, KO bai ƙunshi halima@ ba. Bi shi a hankali. Saƙon Ali ya zo, bai ƙunshi halima@ ba, sharaɗi ya cika, an tafi da shi. Na Halima ya zo, bai ƙunshi ali@ ba, shi ma an tafi da shi. Ƙa'idar ta share akwatin gaba ɗaya. Idan sharuɗɗan na korewa ne, "da" ake haɗa su da shi.

Wataƙila ma ba ita ce mai laifin ba

A Outlook da Thunderbird da Sieve, ƙa'idoji suna gudana ne daga sama zuwa ƙasa. Wata da ke sama tana iya ɗauke saƙon kafin ya iso ga wadda kake bincike, musamman idan tana da "Stop processing more rules". Rashin wannan umarni kuma shi ke sa saƙo ɗaya ya bi ta ƙa'idoji biyu, a Outlook har ka gan shi a folda biyu. Tsarin da na fi so shi ne ƙa'idojin mutum ɗaya-ɗaya a sama, kowace da umarnin tsayawa, na ma'aikata gaba ɗaya a ƙasansu. Gmail ba ta da umarnin tsayawa, duk ƙa'idar da ta dace za ta yi aikinta, don haka dole ka cire abin da ba ka so a cikin sharaɗin kansa da alamar ragi.

Thunderbird ta sauƙaƙa wannan bincike: a tagar "Message Filters" akwai "Filter Log", kunna shi zai riƙa rubuta wace ƙa'ida ta taɓa wane saƙo. Inda babu irinsa, kashe rabin ƙa'idojin ka gwada. Idan matsalar ta tafi, tana cikin rabin da ka kashe. Sake raba wannan rabin, haka har ka tsaya kan guda.

Sannan ka ƙirga wuraren da ke da ikon taɓa akwatinka. Akwai ƙa'idojin da ke kan uwar garke, akwai na manhajar kwamfuta waɗanda ba sa aiki sai tana buɗe, kamar na Mail a Mac da waɗanda Outlook ke kira "client-only". Tsohuwar kwamfutar da ka bari a kunne tana iya kwashe saƙo da ƙa'idar da ka manta da ita. Akwai jerin adireshin da ka toshe, akwai Sweep a Outlook mai share saƙonnin wani mai aikowa da kansa, akwai matatar Spam da takan riga ƙa'idojinka, akwai kuma dokokin da mai kula da imel na ma'aikata ya kafa waɗanda kai ba ka ganinsu. A ma'aikatun da ke kan Exchange, uwar garken imel ta Microsoft, sharaɗin "with specific words in the sender's address" yakan ƙi kama abokan aiki na cikin gida, domin tsarin yana gane su ne da wani adireshi na ciki da ba shi da siffar suna@wuri. Gare su, yi amfani da "from people or public group" ka zaɓo mutumin daga littafin adireshi.

In kuwa ka ci karo da ƙa'idar da ba kai ka kafa ba, musamman mai tura saƙo waje ko mai goge duk abin da ya ambaci banki ko kalmar sirri, wannan ba kuskuren kwatanci ba ne. Masu kutse sukan kafa irinta don su ɓoye sawunsu. Goge ta, canza kalmar sirri, kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka fitar da duk na'urorin da ke shige.

Gwada kafin ka sake ta

Canza abu ɗaya kawai a kowane zagaye, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ƙirƙiri folda, kwafa saƙonnin gwajinka biyu a ciki, ka ƙara da wasu masu kama da su da gangan: wali idan ali kake nema, na reshen suna, na Bcc. A Thunderbird danna "Run Now" a kan foldar, a tsohuwar Outlook "Run Rules Now". cPanel tana da akwatin "Filter Test" inda za ka liƙa kanun saƙo ta faɗa maka abin da za ta yi da shi. A Gmail binciken da muka ambata shi ne gwajin. Gangara har ƙasan sakamakon, kada ka tsaya a shafin farko.

Aika wa kanka saƙo daga akwatin da kake gwadawa ba gwaji ne mai kyau ba, domin hanyar da yake bi ba irin ta saƙon waje ba ce. Yi amfani da wani akwati daban.

Idan sakamakon ya yi, sai ka gyara abin da ya riga ya lalace. Shiga foldar da aka riƙa jefa saƙonni bisa kuskure, jera su bisa sunan mai aikowa, baƙin za su fito fili, ka mayar da su. A Gmail sabuwar ƙa'ida ba ta taɓa tsofaffin saƙonni sai ka sa alama a "Also apply filter to matching conversations", kuma kada ka sa wannan alamar matuƙar aikin gogewa ne. Bar ƙa'idar tana sanya lakabi kawai na mako ɗaya ko biyu, kana leƙa abin da ta tara. Sai ka ga babu baƙo ko ɗaya sannan ka mayar mata da ikon gogewa ko turawa, idan har yanzu kana buƙatarsa.